Yadda za ka zaɓi siririyar kwamfuta mara nauyi mai sauƙin kuɗi, mataki-mataki

Tambayar nan ta ƙi ƙarewa, kuma kusan kowa kalarta ɗaya yake kawowa: "na gaji da jigilar ƙatuwar laftop ɗin nan, kafaɗa ta gaji, ina son siririya wadda zan zura a jaka in wuce, amma kuɗina ba su taka kara sun karya ba, wacce zan saya?" To gara in zauna in rubuta amsar gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai a miƙa masa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Laftop mai kauri irin ta da, ana kwance ta a ƙara RAM (wajen da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a lokacin), a canja had disk, a zare batir a sa wani. Siririya kuwa yawancinsu an yi wa kayan cikin solda ne a jikin madabod, wato babban allon da ke ɗauke da su, domin a samu sirantar, saboda haka abin da ka biya ranar farko da shi za ka zauna har ta gama zamaninta. Shi ya sa na jera matakan a haka, kar ka tsallake na farko ka faɗa na biyar.

Mataki na 1: Rubuta aikin da za ta yi maka

Ɗauki takarda, ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, ka jera manhajojin da kake buɗewa a sati. Da sunansu fa, kar ka rubuta "aikin ofis" kawai. Idan jerin bai wuce burauza da Word da Excel da PowerPoint da Zoom da kallon bidiyo da karatun PDF ba, siririya ta ishe ka har da saura.

Idan kuma a jerin akwai haɗa bidiyo mai nauyi, ko AutoCAD, ko manyan gem, ko wata manhajar da ke buƙatar katin hoto na musamman, gaskiya ka haƙura ka tsaya a kan mai kaurin. Siririya ba ta da filin fitar da zafi, wasu ma ba su da fanka sam, idan aiki ya yi mata yawa sai ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone, kai kuma ka zauna kana kallon sikirin kana tsaki. Haka mai shigar da lambobi yini guda da ya saba da maɓallan lissafi na gefen dama, ya sani babu su a mai inci 13 ko 14. Wajen sa faifan DVD ma babu shi.

Mataki na 2: Windows, ChromeOS ko macOS

Wannan shi ke yanke sauran hukuncin, don haka kar ka bari kyan jiki ya zaɓa maka.

Windows ita ce mai ɗaukar kusan komai. Amma Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafin da ta saba ranar 14 ga Oktoba 2025, to wadda za ka saya dole ta iya ɗaukar Windows 11 ta hanyar da ta dace. Sharaɗin ya haɗa da TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin kwamfutar, kuma a taƙaice furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta zama Intel ƙarni na 8 (8th Gen) zuwa sama ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama.

Gargaɗi: ganin Windows 11 a kan sikirin ba hujja ba ce. Ana iya cusa ta da dabara a tsohuwar kwamfutar da ba ta cancanta ba, ta yi kyau a ido, daga baya babban afdet ya ƙi sauka. Lambar furosesa za ka duba, za mu zo kanta.

Masu arha da yawa kuma suna zuwa da abin da ake kira S mode, wanda ba ya barin ka sa manhaja sai daga Microsoft Store. Ba matsala ba ce, ana fita kyauta ta Settings, sai System, sai Activation, amma in ka fita ba komawa.

Chromebook, wato mai amfani da ChromeOS na Google, ita ce mafi sauƙin kuɗi yawanci, tana tashi cikin daƙiƙu, batirinta na jimawa, kuma ba ta cika wahalar da mutum da ƙwayar cuta ba. Sai dai manhajojin Windows ba sa hawa kanta. Word da Excel ta burauza za ka yi su, ko ka koma Google Docs, wanda ana iya saita shi ya yi aiki ba intanet amma sai ka saita tun kana da intanet ɗin. Idan makarantarku ko wajen aikinku na da wata manhaja ta dole, tambaya tun yanzu ko tana aiki a ChromeOS.

Gargaɗi: kowace Chromebook tana da ranar da Google za ta daina aika mata afdet. Samfuran 2021 zuwa sama suna samun shekara 10, amma lissafin daga lokacin da samfurin ya fito yake farawa, ranar da ka saya ba ta cikin lissafi. Shiga Settings, About ChromeOS, Additional details, za ka ga wata da shekarar a rubuce.

MacBook Air kuma, sabuwa ba ta cikin sahun masu arha, amma ta hannu mai M1 ta 2020 tana shiga lissafi: kilo 1.29, ba fanka, ba ƙara. RAM ɗinta da ma'ajinta duka ba a canja su.

Akwai kuma masu Windows da ke amfani da furosesar Snapdragon, batirinsu abin yabo ne, amma wasu tsofaffin firinta da wasu manhajoji ba sa jituwa da su. In kana da tsohon kayan aikin da ba za ka rabu da shi ba, bincika tukuna.

Mataki na 3: RAM, nan ne ake yawan kwana ciki

In kuɗinka zai ba ka damar kyautata abu ɗaya tak a cikin kwamfutar, to a nan za ka zuba shi. Windows da RAM 4GB wahala ce kawai, za ta kunnu, za ta buɗe burauza, amma ka buɗe tab shida ka shiga Zoom ka ce za ka duba wani fayil a gefe sai ka ga linzami ya tsaya yana ta juyawa. 8GB shi ne mafi ƙarancin da zan ce mutum ya saya, 16GB kuma shi ne na mai son ya yi shekaru bai sake wannan zancen ba. A Chromebook 4GB na iya lallaɓawa ga yaro ɗan makaranta, amma ko a can 8GB ya fi kwanciyar hankali. Waɗanda aka rubuta wa Chromebook Plus duk suna da aƙalla 8GB da ma'aji 128GB da sikirin 1080p, wannan sunan kaɗai ya rage maka bincike.

Gargaɗi: kar ka yarda da "sayi mai 4GB daga baya sai a ƙara". Duba takardar bayanin samfurin a shafin kamfanin. In ka ga LPDDR4x ko LPDDR5, ko an rubuta onboard, to a manne yake, babu mai gyaran da zai ƙara maka cikin sauƙi. In ka ga SODIMM, akwai gurbin ƙari. Misali ThinkPad X1 Carbon a manne nata yake, HP EliteBook 840 G5 kuwa gurbi biyu gare ta, ga shi dukansu ana kiransu sirara.

Mataki na 4: Ma'aji

Kalmomi biyu za ka nema, eMMC da SSD. eMMC ɗan guntu ne da aka manna a madabod, dangin katin memori ne, a hankali yake kuma yawanci 32GB ko 64GB ne. A Windows, 64GB ɗin nan tsarin kansa da afdet za su cinye kusan rabi kafin ka ajiye hoto ɗaya, bayan 'yan watanni a fara ce maka babu wuri. SSD na NVMe ya ninka shi sauri sau da yawa, kuma a samfura da dama ana iya zare shi a sa babba. Nemi 256GB zuwa sama. In ka kunna ka ga 238GB kar ka ce an cuce ka, bambancin lissafi ne.

Wasu masu talla suna haɗa lamba, su ce "192GB", ashe 64 ne na eMMC da katin memori na 128 da aka zura a gefe, wasu ma har filin ajiya na intanet suke haɗawa. Tambayi na cikin kaɗai.

Mataki na 5: Karanta lambar furosesa

Mutane na ganin i7 sai hankali ya kwanta, alhali i7 ta shekara goma baya ba ta kai i3 ta kwanan nan ba. Lambar da ke bayan layin ita ce labarin. A i5-8250U, 8 ɗin farko ƙarni na 8 ke nan. A i3-1215U, 12 ɗin farko ƙarni na 12. Saboda haka i7-4600U ƙarni na 4 ce, Windows 11 ma ba ta amince da ita ba. Harafin U na ƙarshe alamar mai tattalin wuta ce, ita ake so a siririya. H ta masu ƙarfi ce masu zafi da shan batir. Sababbin Intel sun zubar da harafin i ɗin, za ka ga Core 5 ko Core Ultra 5, duk waɗannan na baya-bayan nan ne.

A ƙasan kasuwa za ka ci karo da Celeron N4020 da N4500, masu ƙwaya (core) biyu. A Chromebook da sauƙi, a Windows kuwa ni dai ba na ba da shawararsu. Intel N100 ta 2023 mai ƙwaya huɗu ta fi su nesa ba kusa ba, in aka haɗa ta da 8GB da SSD tana aikin rubutu da burauza lafiya lau.

AMD na da nata wayon. A jerin Ryzen 7000, lamba ta uku ce ke nuna zamanin ƙirar: 7320U tsohuwar ƙira ce ta Zen 2, 7530U Zen 3, 7640U Zen 4. Duka da 7 suka fara amma ba sa'annin juna ba ne.

Mataki na 6: Sikirin, nauyi da kibod

Nemi 1920×1080 ko 1920×1200, nau'in IPS. Guji 1366×768 nau'in TN. Gane shi ba wuya: buɗe hoton fuskar mutum, ka tura murfin baya kaɗan sannan ka jawo shi gaba. In fuskar ta yi fari fat ta koma duhu kamar an wanke launin, TN ne. Haske kuma ana auna shi da nits, 250 na cikin ɗaki ne, 300 zuwa sama ya fi ga mai aiki kusa da taga.

Nauyi, ƙasa da kilo 1.5 shi ne abin nema, tunda masu inci 15.6 na gargajiya sukan kai kilo 2 ko su kusa. Amma ka haɗa da caja a lissafin, don wata siririyar cajarta kamar bulo take. Inci 14 ya fi dacewa da yawancin mutane, inci 11.6 yana takura ido da yatsu in za a daɗe.

Kibod sai an taɓa. Rubuta layi uku ka ji ko tsakiyarsa na lotsawa. In ta hannu ce duba jerin haruffan, na Faransa AZERTY ne, na Jamus QWERTZ, ana iya canja saitin a ciki amma abin da aka buga a kan maɓallan yana nan.

Mataki na 7: Batir, caja da kafofin jona kaya

Manta da "awa 12" na jikin kwali, da hasken sikirin a ƙasa ake gwada su. Duba Wh, ma'aunin girman batir. Mai 38 zuwa 42 ƙarami ne, 50 zuwa sama ya fi, sai dai Chromebook da masu furosesa mara cin wuta suna jimawa ko da ƙaramin ne.

Sannan kafar USB-C. Nan akwai tarko sosai, domin ramin iri ɗaya ne a ido amma aikin ya bambanta. Wata fayil kawai take wucewa da shi, ba ta caji ba ta fitar da hoto. Nemi Power Delivery a takardar bayani in kana son caji ta nan, da DisplayPort in kana son jona babban sikirin. In an rubuta Thunderbolt ko USB4, yawanci duka tana yi. Amfanin caji ta USB-C babba ne, caja ɗaya mai 65W za ta yi wa kwamfutar da wayarka, kuma fawabank mai ƙarfi zai iya ceton ka a hanya.

Gargaɗi: cajar waya mai ƙaramin ƙarfi ba za ta cika ta ba, wani lokaci ko alamar caji ba za ta nuna ba. Wayar cajin ma tana da iyaka, ta gama-gari 60W take tsayawa.

Ƙirga kafofin da kake buƙata da gaske: USB babba ta filash da linzami, HDMI ta majigi, ramin iyafis. Ramin wayar intanet kusan babu shi a sirara.

Mataki na 8: Sabuwa ko ta hannu, da lissafin kuɗi

Da kuɗi iri ɗaya hanya biyu ce a gabanka. Sabuwa fil daga ƙasan jeri, jikin roba, da garanti da sabon batir. Ko ta hannu daga jerin da kamfanoni ke saya wa ma'aikatansu, irin ThinkPad X da T, Dell Latitude 7000, HP EliteBook 800, masu ƙarfin jiki da kibod mai daɗi, kayan gyaransu kuma a wadace, amma batir ya ɗan sha jiki kuma garantin sai abin da mai sayarwa ya ba ka. Ni ra'ayina, in ka iya gwajin da ke mataki na 9 ko kana da wanda zai raka ka, ta hannun ta fi riba. In ba ka iya ba kuma ba mai raka ka, ɗauki sabuwa mai garanti ka huta.

Kar ka ƙarar da kuɗin duka a kan kwamfutar. Ware wani abu saboda jakar kariya mai laushi, da ɗan hob na USB-C mai ƙara kafofi in kafofi sun yi kaɗan, da filash ko SSD na waje, da sabon batir in ta hannu ce. Lasisin Office ma kuɗi ne, wanda ke zuwa da sabuwa sau da yawa na gwaji ne ko na shekara ɗaya, in ba ka son biya akwai LibreOffice kyauta da Office na burauza.

Akwai kuma marasa suna da ake tallatawa da manyan lambobi a farashin da ya yi daɗi da yawa. Kafin ka saya nemi batirin samfurin ko sikirinsa a intanet, in ba ka ga mai sayar da su ba, ranar da ɗaya ya lalace kwamfutar ta tashi aiki.

Mataki na 9: Gwaji kafin kuɗi ya bar hannunka

Ka tafi da filash, da iyafis, da wayarka don kunna hotspot. Ba gaggawa, mai sayarwar da ya ƙi ba ka rabin awa ka bar masa kayansa.

Fara da jiki. Ajiye ta a tebur ka ga ko tana rawa, duba tachifad ko ya taso sama, duba ko gefen jikin ya buɗe baki. Waɗannan alamun batir ya kumbura ne, kuma kumburarren batir haɗari ne, kar ka saya da sunan za a gyara. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa kana kallon kusurwa biyun da hinji yake, nan ne sirara masu jikin roba suka fi karyewa.

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, shiga Performance. Nan za ka ga ainihin sunan furosesa da yawan RAM da nau'in ma'aji. Sitikar da aka manna a jiki ba ta da amfani, abin da ke nan shi ne gaskiya.

Sai batir. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka inda ya ajiye rahoton, ka buɗe shi. Lamba biyu za ka kwatanta, Design capacity da Full charge capacity. A ce ta farko 50,000 ta biyu 31,000, batirin ya koma kashi 62 cikin 100 ke nan, sai a rage maka kuɗin sabo ko ka wuce. Kashi 80 zuwa sama ba laifi. A Chromebook manhajar Diagnostics na nuna lafiyar batir, a Mac kuma System Information ƙarƙashin Power.

Buɗe farin shafi ya cika sikirin, sannan baƙi, ka nemi ɗigo ko tabo. Danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, jona filash a kowace kafa, gwada kyamara da makirfo da sifika, kunna bidiyo na minti goma ka ji zafin ƙasanta da ƙarar fanka. Jona caja ka ɗan motsa kan wayar, in caji na yankewa ramin ya saki.

Gargaɗi, kuma wannan shi ya fi kowanne tsada: makulli. Kashe ta ka kunna ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ta hanyar danna F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. In ta nemi kalmar sirri kuma mai sayarwa bai san ta ba, ajiye. Sannan ka sa a yi mata riset a gabanka a jona intanet, in sunan wani kamfani ko makaranta ya fito yana neman a shiga da asusunsu, har yanzu a ƙarƙashinsu take. Haka Chromebook da aka rubuta ana kula da ita daga wata ƙungiya, haka Mac da mai ita bai cire asusun Apple ɗinsa da Find My ba. Duk waɗannan goge kwamfutar ba ya cire su.

Karɓi rasit mai ɗauke da lambar siriyal, ka kwatanta da wadda ke BIOS da ta ƙasan jikin, a kuma rubuta kwana nawa aka ba ka na dawowa da ita. In ta intanet ka saya, ɗauki bidiyo lokacin buɗe kwalin kuma ka yi duk gwajin nan a ranar.

Mataki na 10: Satin farko

Jona ta da wuta da intanet ka bar ta ta gama afdet duka, kar ka yanke mata hukunci a lokacin, kowace kwamfuta nauyi take yi tana wannan aikin. Cire manhajojin talla da antibayiros na gwaji, Windows Security da ke ciki ya isa. A Task Manager shiga Startup apps ka kashe abin da ba ka buƙata ya tashi da ita.

In kana yawan barin ta a jone, kunna iyakar caji don batir ya daɗe. Lenovo na da shi a Vantage, Asus a MyASUS, Dell da HP sau da yawa a BIOS. Kar ka ɗora ta a katifa ko filo tana aiki, ramukan iskar a ƙasa suke. Kar ka ɗaga ta ta murfi, kar ka cusa ta tsakanin manyan littattafai ba jakar kariya, sikirin siririya ba ya jure matsi.

Sai maganar fayilolinka. Windows 11 na yawan kulle ma'aji da kanta da tsarin tsaron da ake kira BitLocker in ka shiga da asusun Microsoft, to shiga asusun ka nemo makullin BitLocker mai lamba 48 ka kwafe shi a takarda ka adana. In kuma ma'ajin taka a manne yake kamar eMMC ko na MacBook, ranar da madabod ta mutu ba a zare shi a sa a wata, don haka tun satin nan saita fayilolin su riƙa hawa Google Drive ko OneDrive, ko ka riƙa kwafe su a SSD na waje duk ƙarshen sati.